Kawu da Saƙon Mutuwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma wata Talata da sassafe a likitar Dogon Dutsi, wato asibiti, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Muka ɗauke shi zuwa ƙauyensa da ke hanyar Lugu, aka yi masa sutura, aka rufe shi da azahar. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa. Na zauna rubuta wannan ne don ina tsoron nan gaba kaɗan yaranmu za su ji an ce akwai mutumin da ake aika da saƙon mutuwa, su tambaya ko ba shi da salula ne.

Cikin masu gaisuwa akwai wata tsohuwa da ta zo a amalanken jaki daga wani ƙauye na gabas. Ba danginmu ba ce, ban ma san ta ba. Ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi wucewa wurin mata sai ta faɗi abin da ke ranta.

"Mutumen ga," in ji ta, "shi yag gaya mini mutuwar mai gidana, shi yag gaya mini ta ɗana. Na taɓa jihwar shi da muciya. In na hange shi kasuwa, hanya nika sakewa. To yau da nij ji, ƙahwahuna sunka ƙi ɗauka ta."

Tana faɗi tana kuka, tana kuma mamakin kanta, wai me ya haɗa ta da kukan mutumin da ba ta taɓa son gani ba. Can gefe wani dattijon Bafulatani ya ajiye ƙwaryar nono, ya yi gaisuwa ya zauna. Maigari kuwa ya dubi jama'a ya yi tambaya: "To, yau wa za mu aika?"

Babban ɗan Kawu ɗan kasuwa ne mai shago a Dutsi, mutum mai riƙo da sunna, kuma ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Shi ya yi wa mahaifinsa wanka, shi ya shiga kabari, idonsa a bushe. Da muka dawo ya leƙa cikin gida ya roƙi mata su rage murya, ya ce hawaye ba laifi, amma ban da kururuwa. Yana fitowa sai ya yi tuntuɓe da takalman Kawu a zaure. Ya duƙa zai kawar da su daga hanya, ya ga maɗaurin ɗaya ya tsinke an ɗaure shi da waya, alhali sababbin da ya saya masa da sallah suna can rataye ko ƙura ba su taɓa ba. Nan ya zauna da takalmin a hannu ya fashe da kukan da ya fi na matan duka. Ba wanda ya tuna masa wa'azinsa. Ni kam Kawu na tuna, don ya sha gaya mini cewa babban abu ba ya samun hanyar shiga zuciya sai ƙarami ya buɗe masa ƙofa.

Tambayar maigari ba ta iska ba ce. Akwai mutum ɗaya da bai ji ba tukuna, wato Inna, mahaifiyata, ƙanwar mamacin, wadda daga ita sai shi suka rage a ɗakinsu. Tana zaune a gidan yayana, a wani ƙauye bayan Kore Mairuwa, ga tsufa ga tansiyo, wato hawan jini, likita ya ce a kiyaye ta da firgita. Yayana yana cirani. Tun da safe na kira matarsa na ce ta ɓoye salular Inna, ta kuma tsare ƙofa kada wata mai saurin baki ta shigo. Amma labari irin wannan ba ya kwana a ɓoye. Da maigari ya yi tambayarsa, sai na ga duk ido ya dawo kaina.

Kawu manomin hatsi ne, ba malami ba, ba kuma mai sarauta ba. Sai dai tun kafin a haife ni, in wani ya rasu a wurin cirani ko a likita, shi ake tasa ya je ya gaya wa iyalin. Ba a naɗa shi ba, ba a biyansa. An aike shi sau ɗaya ya iya, shi ke nan kaya ya zauna a kansa har tsufa.

Yana da tsarinsa. Ba ya gaya wa mutum a tsaye, ko a bakin rijiya, ko kusa da wuta, ko mace da goyo a baya. Kafin ya shiga gida sai ya nemi wata maƙwabciya mai hankali ya ce ta tsaya kusa. In ya shiga zai cire takalmi, a shimfiɗa masa tabarma ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Zai roƙi ruwa, ya sha rabi, ya miƙa wa mai gidan sauran. Sannan ya shiga gaisuwa, ya tambayi lafiyar kowa har awaki, amma ya tsallake mutum ɗaya. Kafin ya kai ƙarshe wanda aka zo domin sa ya riga ya gane, shi zai tambaya da bakinsa, "Wane fa?" Kawu ya ce jiki ya yi tsanani. Ya ɗan jira. Sannan ya ce sai haƙuri.

Aikin ya ɓata masa zumunci, don mutane sun daina ganinsa a matsayin mutum. In ya ratsa ta unguwa zai je neman aron galma, sai ka ji daka ta tsaya gida bayan gida. An taɓa yin suna ya je barka da goronsa, kakar jaririn tana hango shi ta zube tana salati. Daga nan ya ƙirƙiro wa kansa sallama. Duk ranar da lafiya ta kai shi gidan mutane, tun daga nesa zai ɗaga murya: "Ba wanda yam mutu, yunwa tak kawo ni." Sai ka ji dariya ta tashi a ciki, a dama masa fura. Mu 'ya'yan ƙanne mukan tsokane shi cewa ya mai da tsoron mutane gonar hatsi, yana girbi rani da damina. Sai ya ce ai ko jakin maigari ana ba shi dusa.

Da ƙafarsa ta yi rauni, ni kuma na zama mushe a lekwal, wato malamin makarantar boko, a Dutsi na sayi babur, ni nake kai shi in aiken ya yi nisa. A kan hanyoyin yashin nan na ji yawancin abin da na sani game da zuciyar ɗan Adam, yana riƙe da rigata ta baya yana magana cikin kunnena. Mushe yake ce mini, don tsiya.

"Mushe, ku a lekwal kuna cewa kunne ka ji, sannan zuciya ta motsa. Ba haka na ba. Ciki ka hwara ji, sannan gwiwa, kunne shi na na ƙarshe. Ni ba labari nika kai ma mutane ba, jikinsu ya riga ya sani tun da sunka ga na ƙi tabarma. Jira nikai zuciya ta cim ma jiki."

Na tambaye shi me ya sa wasu ke zaginsa, har da masu duka. Ya ce baƙin ciki in ya zo bai sami wurin zama ba, fushi yake komawa, fushi kuwa sai ya sami fuska, kuma fuskarsa ce mafi kusa. Wannan bai taɓa damunsa ba. Wanda yake tsoro shi ne mai cewa alhamdu lillahi da sauri ya miƙe ya ci gaba da aiki, don irinsu ne ake tsinta bayan kwana biyu sun faɗi a gona.

Na ga irin wannan da idona. Dattijon Bafulatanin nan mai ƙwaryar nono, ɗansa ya rasu a hanyar kai shanu kudu, muka je rugarsa. Ya saurari Kawu har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ɗauki guga ya nufi rijiya, don lokacin shayar da dabbobi ya yi. Na ce a raina wannan wace irin zuciya ce. Kawu ya ɗingisa ya bi shi, ya kama igiya suna ja tare. Sun daɗe suna ja. Can sai wata saniya ja, wadda yaron ya rena tun tana maraƙa, ta ƙi shan ruwa, ta tsaya tana duban hanya. Igiyar ta suɓuce daga hannun dattijon, Kawu ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya riƙe mutumin da ɗayan. Da za mu dawo ya ce mini don wannan igiyar kawai ya bi shi.

Wata rana kuma wata matashiya da ya gaya wa rasuwar mijinta ta kama dariya ba ƙaƙƙautawa. Tsofaffin gidan suka ce iska ce, wata har ta ambaci doguwa, wani saurayi ya fara shirin yi mata ruƙiya. Kawu ya ce a ƙyale ta. Ya ce kuka da dariya ƙofa ɗaya suke fita, in suka yi cunkoso wanda ya riga kai bakin ƙofa shi ke fitowa. Aka ƙyale ta, kafin a jima dariyar ta juye da kanta.

Ba kowa ne ya yarda da hanyarsa ba, kuma wanda ya fi ja da shi ɗan cikinsa ne. Ina wurin ranar da suka yi ta a ƙofar shagon nan na Dutsi.

"Baba," in ji ɗan, "mutum shina cikin kabari ka ce jiki ya yi tsanani. Wagga ƙarya ta. Hwaɗi gaskiya kai tsaye, haƙuri na Allah na, ba na dabara ba."

"Wane tsanani yah hi wannan?" in ji Kawu. Da ya ga ɗan bai yi dariya ba sai ya gyara zama. "Haƙuri na Allah na, ban musa ba. Amma ƙahwahu na mutum na. In ka hwaɗa mata tana bakin murhu ta kihe cikin wuta, kai ka ɗauke ta?"

Ɗan ya ce zamani ya sake, yanzu kowa da salularsa, labari yana isa kafin a rufe idon mamaci. Kawu ya ce ya sani, kuma shi ya sa yanzu ake samun matan da suka faɗi a bakin rijiya da salula a kunne. Suka yi ta ja, ba wanda ya sauka, har mai shayi ya gaji da jiran kofunansa. Sai Kawu ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "In ƙarya kaka nema, na yi ta sau guda cikin aikin ga. Ƙanwata niy yi ma ita. Har yau ban gama biya ba."

Wannan ƙaryar na san ta, don a kaina aka yi ta, ko da yake a lokacin ina goye. Na ji labarin daga bakin su biyun, kuma ba su saɓa a komai ba sai a hukunci.

Mahaifina ya tafi cirani Ikko bayan wata kaka da hatsi bai yi ba, zazzaɓi ya ɗauke shi a can. Abokin tafiyarsa mutumin ƙauyen su Kawu ne, don haka Kawu ya fara ji, ya ce shi zai je da kansa. Ya bi motar kasuwa zuwa Kore Mairuwa, ya ƙarasa da ƙafa. Maƙwabciyar da ya nema ta gaya masa cewa Inna rabonta da abinci tun jiya, ta ba yayana nata, ga ni kuma ba ni da lafiya, nono kaɗai nake karɓa. Ya leƙa ta darni ya ga ƙanwarsa ta rame tana daka da ni a baya. Shi kuwa ya san abin da baƙin ciki ke yi wa maƙogwaro, ya kuma sha ganin nonon mace ya ƙafe a kwana kaɗan. Ya koma ya sayo dawon fura da nono, ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga murya: "Ba wanda yam mutu, yunwa tak kawo ni."

Inna ta fito da murna. Ya hau tabarma da takalminsa a gefe kamar kowane baƙo, ya ce ba zai sha shi kaɗai ba, sai sun sha tare kamar suna yara. Ya tuna mata ranar da ragon kakansu ya kore ta ta haye rumbu ta ƙi saukowa, yana kwaikwayon ragon, tana dariya har da hawaye, tana sha. Ta sha ta ƙoshi, ta ba ni nono, na yi barci, maƙwabciya ta karɓe ni. Sannan Kawu ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa.

"Dariyar ga ita ta ban iya yahewa," haka Inna take ce mini. "Ubanka shina cikin ƙasa, ni ina dariyar rago. Tun ran nan, Auta, in na yi dariya sai gabana shi hwaɗi, in ce mi ka biyo bayanta." Gaskiya ta faɗa, ni shaida ne. Duk dariyar da na taɓa ji daga Inna gajera ce, takan katse ta ne ta waiwaya ƙofa.

Kawu kuwa cewa ya yi ya san za ta riƙe shi tun kafin ya buɗe baki. Ya auna fushinta da rayuwata, ya ɗauki wanda zai iya ɗauka. Ni me zan ce? Ga ni nan da raina, na yi jiki har yaran lekwal suna mini waƙa a ɓoye. Duk wanda na ba gaskiya a cikinsu sai in ji na ci amanar ɗayan, shi ya sa ban taɓa yanke musu hukunci ba.

Inna ba ta yanke zumunci ba. Bikinsa nata ne, sunan jikokinsa da ita ake yi, duk kaka sai ta aika masa daddawa da kuka. Abu ɗaya ta ɗauke masa: ba ta sake kai komai bakinta a gabansa ba. Ko goro ya ba ta sai ta ƙulle a bakin zane. In ya zo ta dama masa fura mai kyau ta ajiye, ta koma gefe ta naɗe hannu. Shekara fiye da arba'in ana haka. Yakan ce, "Ba ki taya ni?" Ta ce, "Na ƙoshi, Yaya." Ya sha abinsa yana ba da labarai, amma na sha ganin idonsa yana bin ludayin da ba ta taɓa ba. Wannan abu ya ci shi fiye da duk muciyar da aka jefe shi da ita.

Ana gobe zai rasu na zauna kusa da gadonsa a likita. Ya jawo hannuna.

"Mushe, kak ka bari salula ta gaya mata. Kai za ka. Kak ka yi mata ƙarya, ta sha tata. Amma ka duba ko ta ci."

Na ce to, don ba a musu da mai jinya. Sai a kan babur, bayan na bar masu gaisuwa na hau kwalta na nufi Kore Mairuwa, na gane irin kayan da ya ɗora mini. Shi kansa, da duk gwanintarsa, bai iya haɗa biyun ba. In na yi gaskiya ba za ta ci ba, in ina so ta ci sai na yi abin da ya yi. Tun daga Dutsi nake juya abin har na sauka kan yashi, ban sami mafita ba.

Na isa da la'asar sakaliya. Matar yayana ta tare ni a zaure idonta jawur, ta ce ba wanda ya shigo, ta kuma ce wa Inna batirin salular ne ya ƙare. Amma Inna tun safe ba ta sa komai a ciki ba, wai ranta ba daɗi, ba ta san dalili ba.

Na tsaya a bakin ƙofa. Wallahi sallamar nan ta Kawu ta zo mini har kan harshe, da muryarsa da komai. Na haɗiye ta. Na cire takalmi na shiga.

Inna tana gindin bishiyar bedi tana ɓarar wake a faifai. Ta ɗaga kai ta ce, "Auta, kai na da ranar aiki?" Ta turo mini tabarma da ƙafa. Na zauna a ƙasa. Ta dubi tabarmar, ta dubi ƙafafuna, hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ce a ba ni ruwa.

"Dakata," ta ce. "Kak ka ce komi."

Ta ajiye faifan a hankali. Ta kira matar yayana ta ce ta dama mata fura, ta cika ƙwarya. Muka zauna, ana jin ƙarar ludayi daga ɗaki. Da aka kawo ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta fara sha.  Ina ganin yadda kowace kurɓa take tsaya mata a wuya sai ta runtse ido ta tura ta. Matar yayana ta ce, "Inna, ya isa hakanan." Ba ta ko dube ta ba. Ta sha har ta kai gindi, ta kalace abin da ya rage da yatsa.

Sannan ta karkata ƙwaryar yadda yaro ke nuna ya cinye. Na ɗauka ni take nuna wa, ashe zaure ta nufa da ita, inda yakan tsaya ya ɗaga murya.

"Ga shi, Yaya," ta ce. "Na shanye."

Ta kife ƙwaryar a ƙasa, ta goge bakinta da gefen zane, ta juyo gare ni.

"To, Auta. Hwaɗi abin da yak kawo ka."